Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin harkokin 'yan sanda na Majalisar Tarayya: wa ke zuba wa motar sintiri mai?

Masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni ƙaramin ɗan kasuwa ne mai shagon kayan masarufi a Kano, kuma ɗan tsohon sufeton 'yan sanda ne da ya yi shekara 35 yana sa kaki. A bariki aka haife ni, a ɗaki ciki da falo da muke kwana mu tara, banɗaki ɗaya na gida shida. Don haka na san ɗan sanda yana uba, yana maƙwabci, na kuma san shi ta bayan kanta ranar da na je kai ƙara. Abin da na gani a wurare biyun nan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da daminar bara ɓarayi suka ɓanɓare kwanon shagona ta sama, suka kwashe katan-katan na madara, jarkokin man gyaɗa da 'yan kuɗin cinikin da na bari a durowa. Da gari ya waye na tafi caji ofis. Kurtun da na tarar a kanta yaro ne mai ladabi, ya jajanta mini, ya ba ni benci. Da aka zo rubuta bayani sai ya sunkuyar da kai ya ce takarda ta ƙare. Na ba wani almajiri kuɗi ya sayo takarda da biro da fayil. Na ce a zo a ga wurin kafin mutane su tattake sawu, sai sajen da aka ba aikin ya nuna mini tsakar ofishin. Motoci biyu ne. Ɗaya tana kan duwatsu ba taya, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Ɗayar lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Alhaji, mota ga ta nan, amma ko ɗigon mai babu." Na zuba lita goma. Da wayarsa ta kansa ya ɗauki hoton rufin, ni na sa masa kati ya kira waɗanda zai kira.

Ba zan ci amanar sajen nan ba, ya yi aiki. Cikin mako guda ya kamo wani yaro da katan biyu daga cikin kayana. Daga nan sabon lissafi ya tashi: abincin wanda ke tsare, kuɗin buga takardu, kuɗin motar kai shi kotu, da na dawo da shi idan an ɗaga zama. Na zauna da dare na haɗa abin da na kashe da wanda ke jirana, na ga ya doshi kuɗin kayan da aka samo. Sai na ce na yafe. Aka sallami yaron. Bayan wata uku aka shiga shagon maƙwabcina ta rufi, shi ko caji ofis bai taka ba. Ya ce ba zai haɗa asara biyu ba.

Na je wa mahaifina da fushi ina zagin 'yan sanda. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Ka tambayi DPO ɗin nawa aka turo masa a watan nan?" Ya ce a zamaninsa sau da yawa da albashinsa yake ɗinka kaki, ya sayi takalmi, ya sayi batirin tocila na aikin dare. Ya ce akwai shekarun da ofishinsu kan yi wata da watanni ba a aiko da ko kwabo ba, amma kullum saƙo na zuwa daga sama cewa a fita sintiri, a rage laifi, a kawo rahoto. Ya ce, "Wanda ya ba ka bindiga da mota, ya hana ka mai, ya kuma ce lallai ka fita, ai ya gaya maka inda za ka samo man ba tare da ya buɗe baki ba."

Ranku ya daɗe, na san abin da za ku ce. Za ku ce ba a taɓa rage kasafin 'yan sanda ba, kowace shekara ƙaruwa yake yi. A ce ma a takarda haka ne. Amma ni ɗan kasuwa ne, abin da kuɗi ke saya nake dubawa. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Dala da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a 2024, kuma taya, batir, kayan gyaran mota, oba-oba, kusan duk da dala ake shigo da su. Ofishin da kuɗin gudanarwarsa bai ninka sau biyar ba, an yanke masa kasafi, ko da wani bai tashi a zauren majalisa ya ambaci yanka ba. Kuma kun fi ni sanin cewa kaso mafi tsoka na abin da kuke amincewa albashi ne da alawus. Abin da ya saura na mai, gyara, bincike da gini ɗan kaɗan ne, shi ɗin ma ba duka ake saki ba. Sufetoci-janar ɗaya bayan ɗaya sun zauna a gabanku lokacin kare kasafi sun faɗi haka. Sannan ɗan abin da aka saki sai ya taso daga hedikwata a Abuja, ya bi ta shiyya, ya sauka a rundunar jiha, ya ratsa ofishin yanki, kafin ya kai teburin DPO. Ruwan da ya bi doguwar kwata mai tsagu haka, kowa ya san abin da zai isa bakin shuka.

Giɓin nan ba ya zama a buɗe. Wani ne ke cike shi, kuma talaka ne. Direban da ke miƙa naira 100 a shinge, matar da ta sayar da akuyarta don belin ɗanta alhali ga rubutu a bango cewa beli kyauta ne, da ni da na sayi fayil, mu ne muke biyan kuɗin gudanarwar da ba ku tabbatar ya iso ba. Tun 2010 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto ta bayyana yadda abin da kurtu ya tara a hanya ke hawa sama mataki-mataki, kowane oga da kasonsa, da yadda ake sayen wurin aiki mai maiƙo. Shekarun nan duka sun wuce, direbobin tasha ba su ga canji ba.

Abin da ya fi cin raina shi ne abin da wannan ke yi wa gaskiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan mai ƙara ne ya zuba mai, ya ciyar, ya sa kati, to binciken ya zama nasa. Wanda ake ƙara, idan ya fi shi kuɗi, yana iya saye ya juya akalar. Haka mai bin bashi ke ɗauko 'yan sanda su kulle wanda yake bi, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rikicin da ba na laifi ba. Haka ake kama uwa ko ƙane a ce sai mai laifi ya kawo kansa, alhali dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani. Me ya sa ake yi duk da haka? Domin bin sawun mai laifi zuwa wata jiha yana cin mai da kuɗin kwana, ɗauko tsohuwa daga gida kuwa ko kwabo ba ya ci.

Haka ma duka. Bincike na ainihi yana son kayan ɗaukar zanen yatsu, ɗakin gwaji, bin diddigin waya, da lokaci. Kulki kuwa yana nan rataye a kusurwa. Ɗan sandan da ba shi da komai sai kulki, amsa laifi zai nema ko ta halin ƙaƙa, ko da kun yi dokar hana azabtarwa a 2017. Ƙarar da aka gina a kan duka takan rushe a gaban alƙali, ko ta yi ta jan ƙafa domin mai binciken an yi masa canjin wurin aiki kuma ba mai biya masa kuɗin motar zuwa ba da shaida. Wannan na cikin dalilan da suka sa wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Mai laifi ya fita, marar gata ya dawwama a ciki.

Kada a fahimce ni baibai. Talauci bai halasta wa kowa ya harbi direba kan na goro ba, bai halasta marin dattijo a gaban 'ya'yansa ba. Na san 'yan sandan da ko an cika musu aljihu zalunci za su yi, na kuma san waɗanda suka yi ritaya ba su da ko fuloti saboda sun ƙi cin haram. Mugu a hukunta shi. Amma idan kullum kurtu ne ake kora a nuna a talabijin, wanda ya tura shi hanya da tanki a bushe yana zaune, to an bar jaki ana dukan taiki. Matasan da suka fito zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, duk da zafin da ke ransu, sun gane haka: cikin buƙatunsu biyar, ta ƙarshe ita ce a ƙara wa 'yan sanda albashi. A Disamban 2021 majalisar zartarwa ta amince da ƙarin kashi 20 cikin 100. Tsadar da ta biyo baya ta haɗiye shi tun tuni.

To amma da kuɗi ne kaɗai matsalar, da wasiƙar nan ta tsaya a nan. Tarihin rundunar nan ya nuna ko an zuba, akwai inda yake zurarewa. A Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Aka sauke Sufeto-Janar Musiliu Smith, aka ɗora Tafa Balogun. A 2005 shi Balogun ɗin ya tsaya gaban kotu kan biliyoyin naira, aka yanke masa wata shida. A Janairun 2013 aka samu John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, da hannu a wawure biliyoyin kuɗin tsofaffi, kotu ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida da tarar naira biliyan 22.9. A Janairun 2013 ɗin dai gidan talabijin na Channels ya nuna halin da Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja ke ciki, rufi a yage, ɗakunan kwana kamar kango, abincin da ba ka ba wa wanda kake ƙi, har Shugaba Jonathan ya kai ziyarar ba-zata. Yaron da aka horar a cikin wulaƙanci irin wannan, aka miƙa masa bindiga, da wane ido zai dubi mutuncin wani?

A 2019 kuka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, mai karɓar rabin kashi ɗaya cikin 100 na abin da ya shiga asusun tarayya, da wani ɗan kaso daga ribar kamfanoni, kuka ba shi wa'adin shekara shida. Mun yi murna. A Janairun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da Jihar Ribas ta shigar, ta ce cire kuɗin kai tsaye daga asusun tarayya ya saɓa wa tsarin mulki. Ko me aka tara a shekarun nan, haƙƙinmu ne mu ga lissafinsa filla-filla: mota nawa aka saya, kan nawa, wane ofishi aka kai, kuma guda nawa ke tafiya yau. Sayen sabuwar mota yana da kwangila da bikin yanke ƙyalle. Canjin baƙin mai da sayen taya ba su da ko ɗaya, shi ya sa tsakar kowane caji ofis ta koma maƙabartar motocin da gwamnoni suka raba.

Ga kuma rigimar ɗaukar aiki. A 2019 aka ce a ɗauki kurata 10,000, sai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da ofishin Sufeto-Janar suka kama kokawa kan wa ke da ikon ɗauka. Aka je Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2020, aka kai Kotun Ƙoli, sai a Yulin 2023 ta tabbatar wa hukumar. A 2024 suka sake yin cacar baki a jarida kan jerin sunaye. Duk tsawon wannan lokaci dubbai na yin ritaya, wasu na mutuwa a bakin aiki. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana da 'yan sanda wajen 370,000, kuma a 2018 Mike Okiro, yana shugaban hukumar, ya faɗa da bakinsa cewa sama da 150,000 suna gadin manya da waɗanda ma ba su cancanta ba. Ku gafarce ni, ranku ya daɗe, amma wasunsu a ƙofar gidajenku suke, wasu suna riƙe wa iyalanku jaka a kasuwa. Sufeto-janar nawa ne ya ba da umarnin a janye su, aka yi kwana biyu suka koma? A Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, Shugaba Tinubu ya sake ba da umarnin. Ina roƙon kwamitocinku su nemi sunayen ofisoshin da aka tura waɗanda aka janye, su je su ƙirga su da ido.

Domin inda ake buƙatarsu ba ɓoyayye ba ne. Masu kawo mana hatsi Dawanau daga ƙauyukan Katsina da Zamfara suna ba mu labari: ofishi guda na kula da garuruwa barkatai, 'yan sanda ba su cika hannu biyu ba, mota ɗaya, harsashi a ƙidaye. 'Yan bindiga su zo a kan babura hamsin, kowane da goyo. Idan waɗannan bayin Allah suka rufe ƙofa, sai a ce matsorata ne. Idan suka fita aka kashe su, matansu su yi ta zarya da fayil shekara da shekaru, kafin nan an ce su tashi daga bariki. Na ga wannan da idona ina yaro, na ga katifar maƙwabtanmu a waje da yara zaune a kai. Inda hukuma ta janye jiki, 'yan sa-kai ke shiga, kuma mun ga yadda ramuwar gayya ta mayar da satar shanu yaƙin ƙabila. Katsina ta kafa dakarunta na tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, Kudu maso Yamma na da Amotekun tun 2020. Kowa na ɗinke inda ya yage masa.

Ana ta maganar 'yan sandan jihohi, kuma ban ƙi ba. Wanda ya san daji da harshe da gidan kowa ya fi baƙo amfani. Sai dai kakanninmu sun ga 'yan doka na zamanin En'e, kuma tsofaffin 'yan NEPU ba su manta abin da aka yi musu da su ba. Jihar da ke bin malaman firamare da bashin albashi, idan aka ba ta dubban masu bindiga ba tare da an ɗaure ta da dokar biya da ta sa ido ba, tsugune ba ta ƙare ba.

Ba sabon kwamiti nake nema ba. An yi na Muhammad Ɗanmadami a 2006, na M.D. Yusufu a 2008, na Parry Osayande a 2012, rahotanninsu na nan ƙura ta rufe. Daga 1999 zuwa 2023 sufeto-janar 13 aka naɗa, kowa ya zo da takensa, kafin ya zauna daram an sauya shi. Kuma kun nuna mana kuna da sauri idan kun ga dama: a Yulin 2024 cikin 'yan kwanaki kuka gyara Dokar 'Yan Sanda domin sufeto-janar ya cika shekara huɗunsa ko da ya kai shekarun ritaya. Tsofaffin da suka yi zaman dirshan a ƙofarku a Yulin 2025 suna neman a fitar da su daga tsarin fanshon karo-karo, kamar yadda aka fitar da soja da jami'an tsaron farin kaya, su ma sun cancanci irin wannan saurin. Abin da mahaifina ke karɓa a wata ba ya sayen buhun shinkafa. Kurtun da ke kan hanya yau yana kallon waɗannan tsofaffi, yana ganin gobensa, kuma lissafin da zai yi ba mai wuyar ganewa ba ne.

Babban roƙona guda ne, kuma yana hannunku. Ku sa a cikin dokar kasafi cewa kowane caji ofis a ƙasar nan yana da layinsa na kuɗin gudanarwa, a lissafa shi bisa yawan jama'a da faɗin ƙasar da yake kula da ita, a tura shi kai tsaye cikin asusun ofishin kowane wata ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. A liƙa takardar a bango kusa da inda aka rubuta beli kyauta ne: ga abin da ya shigo, ga na mai, ga na abincin waɗanda ke tsare, ga na takarda. Mai unguwa, limami, fasto, wakilin 'yan kasuwa da wakiliyar mata su riƙa sa hannu duk bayan wata uku. Ranar da aka yi haka, idan saje ya ce mini babu mai, zan nuna masa bango. Idan kuwa kuɗin ne bai zo ba, mun san ƙofar da za mu buga. Legas ta kafa asusun tsaronta tun 2007, tana zuba wa motocin sintiri mai tana gyara su, tana kuma karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara. Ba daga wata ƙasa za a aro dabarar ba.

Kafin zaman kare kasafi mai zuwa, ina roƙon kowannenku ya je mazaɓarsa, ba jiniya, ba sanarwa, ya shiga caji ofis ɗin da ya fi nisa da kwalta. Ya leƙa sel. Ya ce a tayar da mota ya dubi allurar mai. Ya ce a kawo masa littafin shigar kuɗi na wata shida, ya kuma zaga bayan bariki ya ga inda matan 'yan sanda ke ɗibar ruwa. Da na karanta wa mahaifina wasiƙar nan, ya ce in ƙara abu ɗaya: idan kun je, ku sallami DPO da mataimakinsa su fita waje tukuna, sannan ku zauna da kurata da kofur-kofur ku tambaye su.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Ɗan tsohon sufeto, daga Kano